Rassa Shida a Cikin Jakar Matafiyi: Jan Hankali Kan Darɓa da Cutar Sharka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata cutar itatuwa wadda sunanta bai shiga kunnen yawancin manomanmu ba, amma ƙwaron da yake yaɗa ta kowane manomin gyaɗa da wake ya san shi tun yana yaro. Ni tsohon malamin gona ne, na yi aikina a ƙasar Zazzau kafin in yi ritaya in biyo 'ya'yana Legas, yanzu kuma ina zaune a Agege, ina ɗan renon dashen mangwaro da lemo da gwaiba a bayan gida don kada hannu ya manta da ƙasa.

Watan jiya wani ɗan uwanmu mai sana'ar kayan marmari a kasuwar Ketu ya sallama mini bayan la'asar da ƙunshi a hannu. Da ya kwance sai ga rassa guda shida, kowanne bai wuce tsawon asuwaki ba, an naɗe su da jiƙaƙƙen tawul an sa a leda. Ya ce daga jikin bishiyar mishmish aka yanko masa su a lambun wani abokin cinikinsa a ƙasar waje, ya shigo da su a tsakanin tufafinsa, yana so in nuna masa yadda zai adana su har su isa Jos, inda ƙanensa yake da 'yan dashe da za a aura musu. Na tambaye shi takardar izinin shigowa da ta shaidar lafiyar shukar. Ya yi dariya ya ce, "Baba Malam, itace ne fa, ba haramtaccen kaya ba. In ma akwai ƙwaro a jiki, ai feshi ɗaya ya gama da shi." Wannan maganar tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata cikin manoma goma tara haka za su ce, kuma a kan yawancin ƙwari suna da gaskiya. A kan wannan ne ba su da ita.

Itatuwan da nake magana a kansu dangi ɗaya ne, masana suna kiran dangin Prunus. Su ne mishmish, wanda alhazanmu suka sani a kasuwannin Makka da Madina, da fic, da nektarin, da fulam, da ceri, da lauz, waɗanda a Turance ake kira peach, nectarine, plum, cherry da almond. Abin da ya haɗa su shi ne 'ya'yansu suna da tsoka a waje da ƙwallo ɗaya mai taurin dutse a ciki. Kada mai mangwaro ya tsorata don ya ji an ce ƙwallo ɗaya, mangwaro ba ya cikin dangin, haka nan bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa don inuwa a gidajen Legas, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci, ita ma sunan almond kawai ta ara, ba ta cikin dangin. Waɗannan itatuwa suna buƙatar sanyi na wani lokaci a shekara kafin su yi fure sosai, shi ya sa a Legas sai dai mu gan su a kwali, an shigo da su daga waje ana sayarwa a manyan kantuna da tsada. Amma tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 daga bakin teku, na Mambila ya fi haka, kuma akwai irin da aka ƙirƙiro masu ƙarancin buƙatar sanyi. Duk wanda ya ga kuɗin da ake sayar da fulam huɗu a Ikoyi, kuma yana da fili a Filato ko Taraba, dole zuciyarsa ta raya masa abin da ta raya wa baƙona.

Cutar kuwa sunanta sharka. Kalmar daga harshen Bulgeriya take, ma'anarta ta yi kusa da abin da muke kira agana ko zanzana, saboda tabon da take bari a jikin 'ya'yan itacen. A can Bulgeriya aka fara lura da ita wajen shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1932 wani masani mai suna Atanasof ya bayyana cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Bishiyar da ta kamu takan fitar da zobba-zobba masu launin ɗorawa a ganye, 'ya'yan su yi tabo, su lotsa, tsokar ta yi tauri ta rasa zaƙi, a mishmish ma har a jikin ƙwallon ana ganin zoben. A irin fulam da ba su da juriya, yawancin 'ya'yan sukan zube ƙasa tun ba su nuna ba. Cutar ba ta cutar da mutum ko dabba, wanda ya ci ba abin da zai same shi, kuma sau da yawa ba ta kashe bishiyar. Sai dai ta bar manomi da itace tsaye yana shan ruwa da taki, ba ya ba da abin kai wa kasuwa, kuma babu wani magani da ake zuba wa bishiyar da ta kamu ta warke.

Yanzu bari in zo kan darɓa, domin a nan ne gizo ke saƙa. Kowa ya san ta, 'yar ƙaramar halitta mai taushin jiki da ke taruwa a bayan ganye da kan tsiro, tana tsotsar ruwa tana fitar da danƙo mai zaƙi, tururuwa na bin ta suna lasa suna kuma kare ta kamar makiyayi da garkensa. Macen darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye ba tare da barbara ba, 'yar da ta haifa kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ita ma ta fara haihuwa. Idan wuri ya yi musu cunkoso ko ganyen ya tsufa, sai a fara haihuwar masu fiffike, su tashi iska ta ɗebe su zuwa wata shukar.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda mai fiffiken nan take zaɓar abinci. Ba ta iya gane shuka da ido sosai, launin kore ko ɗorawa ne kawai ke jawo ta. Idan ta sauka a kan ganye sai ta soka bakinta mai kama da allura a fatar ganyen ta ɗanɗana, kamar mai sayen gari da ke taɓawa da yatsa ya kai baki. Wannan ɗanɗanon ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Idan bishiyar tana ɗauke da sharka, ƙwayar cutar takan manne a tsinin bakin a cikin wannan ɗan lokacin. Idan ganyen bai yi mata ba sai ta tashi ta sauka a bishiya ta gaba ta sake sokawa, a nan kuma ta zubar da abin da ta ɗauko. Ƙwayar ba ta shiga cikinta, ba ta hayayyafa a jikinta, kuma ba ta daɗewa a bakin, galibi cikin mintoci zuwa 'yan sa'o'i ta gushe. Nau'in darɓa fiye da ashirin an tabbatar suna iya wannan aiki, shahararriya a cikinsu ita ce koriyar darɓar fic, wadda masana ke kira Myzus persicae, kuma ita ɗin ce dai take ɗaukar cututtukan bairos a tsakanin gonakin dankalin Turawa.

To, mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi ga mai tankin feshi a baya. Maganin ƙwari yana buƙatar lokaci kafin ya kashe, wani mintoci, wani sa'o'i, wani ma sai ƙwaron ya tsotsi ruwan ganyen ya ƙoshi. Darɓar kuwa ta gama ɓarnarta cikin daƙiƙoƙi, ko ta mutu daga baya bishiyar ta riga ta kamu. Ban da haka, yawancin masu yaɗa cutar ba mazauna lambun ba ne. 'Yan wucewa ne da suka taso daga ciyawa ko gonar maƙwabci, suka ɗanɗana suka ga ba abincinsu ba ne suka yi gaba. Manomi zai iya duba itatuwansa ganye-ganye bai ga darɓa ko ɗaya ba, alhali cutar tana tafiya daga layi zuwa layi. Wasu magungunan ma kafin su kashe ƙwaron sukan firgita shi ya riƙa tsalle daga ganye zuwa ganye yana ƙara suka, sannan su kashe ƙwarin da ke cin darɓar, irin 'yar buzuwar nan mai ɗigo-ɗigo a baya. Ba ina cewa feshi ba shi da amfani ba ne. Yana rage tarin darɓar da ke tsotse tsiro tana nannaɗe ganye, kuma a wuraren renon dashe akan yi amfani da wani mai na musamman da ke rage mannewar ƙwayar a bakin ƙwaron. Amma wanda ya ce zai tare sharka da feshi, kamar mai tare iska da zani ne.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan abin da darɓa za ta iya ba. A shekarar 1975 ina saurayi, na ga gonakin gyaɗa da idona sun tsuke sun dunƙule, ganyen ya yi ɗorawa, ka tuge gindi ka tarar babu ko ƙwaya. Kuturun gyaɗa ke nan, cutar bairos ce, darɓar gyaɗa da wake ce ta yaɗa ta, kuma an ƙiyasta ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Najeriya, asarar da ta kai wajen dala miliyan 250. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ta Kano ba, fari da kuɗin man fetur sun yi nasu, amma bayan wannan shekarar manoma da yawa sun juya wa gyaɗa baya. Sai dai akwai bambanci guda biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, ƙwayar kuturun gyaɗa takan zauna a jikin darɓar kwanaki, kuma sai ta ɗan jima tana tsotsa kafin ta ɗauka, don haka feshi da shuka da wuri da matse shuka suna taimakawa. Na biyu, wanda ya fi damuna, gyaɗa ta wata uku ce zuwa huɗu, in ta lalace bana sai a sake iri baɗi. Bishiya kuwa sai ta yi shekara uku ko huɗu kafin ta fara biyan mai ita, kuma idan ta kamu takan zama rumbun cuta da kowace darɓa mai wucewa za ta ɗiba daga ciki shekara da shekaru.

Duk da haka darɓa gajeriyar tafiya take yi da wannan cuta. Tun da ƙwayar ba ta daɗewa a bakinta, yawancin yaɗuwar ba ta wuce itatuwan kusa da 'yan ɗaruruwan mitoci. Darɓa ba ta taɓa ƙetare tekun Atilantika da sharka a baki ba. Amma cutar ta bazu a gabashin Turai da tsakiyarta, ta shiga Sifen a 1984, an same ta a Masar, ta bayyana a Chile a 1992, a jihar Fensilbaniya ta Amurka a 1999, a Kanada a 2000, a Japan a 2009. Wa ya kai ta? Mutum ne, da dashe da rassan aure, wasu a cikin kwantenar 'yan kasuwa, wasu a cikin jaka irin ta baƙona. Aure shi ne mafi tabbacin hanyar kamuwa, domin ana haɗa tsokar reshe mai cuta da ta lafiyayyen gindi su zama jiki ɗaya. Kuma reshen ba ya nuna komai. Bishiya tana iya ɗaukar cutar shekara ɗaya zuwa uku ba alama, ƙwayar ba ta warwatsuwa daidai a jikinta, wani reshe yana da ita wani babu, kuma alamar ganyen takan dushe idan zafi ya tsananta, abin da ya kamata ya sa mu a ƙasa mai zafi mu ƙara taka-tsantsan. Mai lambun da ya yanko wa baƙona rassan zai iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa bishiyarsa lafiya lau take. Ido ba ya yanke wannan hukunci, sai gwajin ɗakin bincike.

Abin da ƙasashen da ta shiga suka biya ya isa izina. Masana sun ƙiyasta cewa cikin kimanin shekara talatin sharka ta ci wa duniya fiye da Yuro biliyan 10. A Fensilbaniya, da aka gano ta a gundumar Adams, hukuma ba ta tsaya ga tuge bishiyar da ta kamu kaɗai ba, har da duk dangin nan da ke cikin mita 500 daga gare ta, masu lafiya da marasa lafiya, na gona da na tsakar gida. Fiye da eka 1,600 aka share, aka hana sabon dashe a yankin, aka yi ta gwajin ganye shekara bayan shekara, sai a 2009 aka ce jihar ta rabu da cutar, Amurka baki ɗaya kuma sai a 2019. A garin Ome na Japan, wanda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon furen itatuwansa, dole ta sa aka sare na shahararren lambun garin gaba ɗaya a 2014. Amurka ta iya wannan ne saboda gwamnati ta biya manoma diyya. Ina roƙon mai karatu ya tambayi kansa, idan aka ce wa ƙaramin manomi a Vom ko Gembu ya tuge itatuwansa masu ganye shar saboda ta maƙwabcinsa ta kamu, wa zai biya shi, kuma wa zai yarda ya bari a duba lambunsa bayan ya ji abin da ya sami na farko?

Wani zai ce ai itatuwan nan ba su da yawa a ƙasarmu, me ya kai mu damuwa da cutar Turawa alhali namu matsalolin sun ishe mu. Ina ganin ƙarancin nasu shi ne dalilin damuwar. Lambun da ba a kafa ba tukuna shi ne ake iya kafawa da tsabtataccen iri, kuma itatuwan farko su ne iyayen da kowa zai je ya yanki reshe daga jikinsu. Idan uwar tana da cuta, duk zuriyar ta gada, darɓarmu ta gida kuma tana nan tana jira ta ƙarasa aikin. Mun ga makamancin haka kusa da mu a nan Kudu maso Yamma. Cutar da ke tsuke kan ayaba ta hana ta haihuwa an tabbatar da ita a jihar Ogun, wajen iyakarmu da Jamhuriyar Benin, a farkon shekarun 2010, darɓar ayaba ke yaɗa ta a cikin gona, amma 'ya'yan ayabar da mutane ke ba juna don shukawa su ne ke kai ta nesa. Manoman tumatir na Kano da Kaduna kuma ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar da suka sa wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta cinye gonaki har kwandon tumatir ya gagari talaka a Mile 12.

Dokar ƙasa ba ta hana kowa shigo da iri mai kyau ba. Akwai hukumar killace kayan gona ta tarayya, NAQS, mai jami'ai a filin jirgin saman Murtala Muhammed da tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can da iyakar Seme. Tsarin shi ne a nemi izini kafin kayan su taso, su zo da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da suka fito, sannan abin da ke da haɗari a tsare shi a wurin killacewa a Ibadan a sa masa ido kafin a sake shi. A Ibadan ɗin kuma akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da cibiyar IITA, inda masana cututtukan shuka suke. Abin da na lura shi ne mutanenmu da ke safara tsakanin Legas da ƙasashen waje, da masu sayar da furanni da dashe a bakin titunan Ikoyi da Lekki, waɗanda da yawansu Hausawa ne, ba su ma san reshe ɗanye yana cikin abin da ake neman wa izini ba. Roƙona ga hukumar shi ne ta yi wannan bayani da Hausa, a rediyo da allunan filin jirgi da wajen bitar alhazai, ta kuma bi ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, domin a Agege da Mile 12 da Idi-Araba maganar da ta fito daga bakin shugaban kasuwa ta fi takardar ofis saurin isa. Cibiyoyin bincike kuma su samar da 'yan iyayen itatuwa da aka gwada a Filato da Mambila, a cikin rumfar raga da darɓa ba ta shiga, inda manomi zai sayi reshe da kwanciyar hankali. Muddin babu inda zai samu a gida, zai ci gaba da roƙon mai tafiya ya taho masa da shi. In za a shigo da iri ta hanyar da ta dace, a tambayi masu juriya, domin akwai su, irin fulam ɗin da Jamusawa suka fitar mai suna Jojo.

Akwai wata 'yar magana da ta shafi mu 'yan Legas kai tsaye. Bincike ya nuna darɓa tana iya ɗaukar ƙwayar sharka daga jikin ɗan itacen da ya kamu, ba daga ganye kaɗai ba. Haɗarin bai kai na reshe ba ko kusa, kuma a Legas babu lambun da za ta kai wa. Amma kayan da ake saukewa a nan sukan hau mota zuwa Abuja da Jos, don haka mai sayarwa a can kada ya zubar da ruɓaɓɓen fulam ko fic a gindin dashensa da sunan taki, ya binne shi nesa.

Game da baƙona, bai ji daɗin maganata ba a ranar, ya naɗe kayansa ya ce zai yi shawara. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙunshin, ya ce ya kira mahaifinsa a ƙauye ya tambaye shi labarin shekarar kuturun gyaɗa, tsohon ya riƙe shi a waya kusan awa guda. Mun ƙona rassan shida a murhun bayan gidana tare da tawul ɗin da ledar, na kuma rubuta masa wasiƙar neman izini da zai kai ofishin hukumar, da jerin tambayoyin da zai yi wa duk wani mai renon dashe a waje kafin ya biya kuɗi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Agege, Legas.